Jininku Ba Ɗaya Ba Ne

Suwidin, 14 ga Janairu, 2024

Baba Kefas,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama Magdalene da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taka? Mamata Leah ta ce ranar Kirsimeti da sanda ka shiga coci, amma da aka fara waƙa ka jingine ta a bango ka manta da ita. Ni ina nan lafiya, sai sanyin da ba ya jin lallashi. Na san kunnenka ba ya ɗaukar waya tun da ƙarar jirage ta taɓa shi, shi ya sa na rubuto. Zan turo ta wayar Mama Magdalene, ta kai shagon Ngozika a buga maka a takarda da manyan baƙaƙe.

Ka tuna a 2006, lokacin bikin Uhola, wasu likitoci sun zo Zuru suna ɗibar jini don binciken ciwon hanta, suka sake dawowa a 2016? Kai da yayanka, Babana Aaron, kun ba da naku duka sau biyun, kuka sa hannu a ajiye ragowar don wani bincike nan gaba. To ba a zubar ba. Yana nan a daskare, kuma yanzu ya iso ɗakin gwajin da nake karatu. Da yake ni 'yar Zuru ce, ni aka ɗora wa rubuta wa mutanenmu. Ranar da na ga sunan Babana a takardar, shekara biyar bayan mun binne shi, sai da na fita waje na zauna.

Abin da muke nema a jinin wasu sinadarai ne masu fulorin, Turawa suna ce musu PFAS. Ana sa su a tukwanen da abinci ba ya kamawa, da rigunan ruwa, da kumfar da ake kashe gobarar man jirgi da ita. Ba sa ruɓewa. In sun shiga jikin mutum sai su zauna a jini, wasunsu sai an yi shekara biyar zuwa bakwai kafin rabinsu ya fita, kuma in sun yi yawa suna iya wahalar da hanta da ƙoda. So muke mu ga yadda suke hawa ko sauka a jinin mutum ɗaya cikin shekaru. Kai kuwa shekara ashirin da biyu ka yi a kwana-kwana na sojan sama, hannunka cikin kumfar nan.

Wata nas mai suna Sandra za ta zo asibitin gari ranar biyar ga wata mai zuwa. Ina roƙo ku je kai da Mama ku ba da jini, kai naka karo na uku ke nan. Cokali biyu ne kawai, ba zai hana ka zuwa gona ba.

Ɗiyarka,
Rachel

Zuru, 9 ga Fabrairu, 2024

Ɗiyata Rachel,

Takardarki ta iso, na gode wa Allah da lafiyarki. Mu ma lafiya lau. Uwarki tsegumi ya yi mata yawa. Sandar ba mantawa na yi ba, na lura bangon coci ya fi ni tsufa ne na bar masa. An gama shigar da dawa rumbu. Ta gonar tudu ta yi kyau, ta kwari kuwa tsuntsaye sun ci rabonsu sun haɗa da nawa.

Mun je mun miƙa wa Sandra hannu. Magdalene ta runtse ido tana kiran sunan Yesu, matar da take feɗe akuya ita kaɗai ba ta neman taimako.

Kumfar da kike magana na san ta fiye da sabulu. Duk Alhamis muna atisaye: a zuba mai a rami, a cinna wuta, mu shiga da mesa har kumfa ta kawo mana ƙirji. In ta rage a bokiti mu wanke mota da ita, har da kaki, don ba abin da ya kai ta cire maiƙo. Ba wanda ya taɓa ce mana mu sa safar hannu. Ina alfahari da aikin nan, ki sani, don akwai matuƙin jirgin da yake da jikoki yau saboda ni.

Kin ce sai shekara bakwai rabinsa yake fita. Ni na san tsawon bakwai. Shekara bakwai na yi ina golmo, ni da abokaina muna noma gonar uban Magdalene kafin a ba ni ita, kamar yadda kowane namijin ƙabilarmu ta Lelna yake yi a zamaninmu. Na bar aiki a 2009. Ke nan golmo biyu na yi tun da na rabu da kumfa. In lissafinki bai yi ƙarya ba, kwata kawai ya rage a jikina, shi ma yana ɗaure kaya.

Ki duba mana da kyau, ki faɗa mini gaskiya ko wace iri ce. Ki riƙa cin abinci, hoton da kika turo duk wuya ne.

Babanki,
Kefas Japhet

Suwidin, 22 ga Afrilu, 2024

Baba Kefas,

Ina gaisuwa, ina fatan ruwan farko ya same ku lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, jarrabawa ta sa ni gaba.

Jiya aka gama auna jinin 2006. Ka ce in faɗa maka gaskiya, to ga ta: jininka da na Babana ba ɗaya ba ne, ko kusa ba su yi kama ba. Da ba ni ke riƙe da takardar sunaye ba, ba zan yarda gida ɗaya kuka fito ba. Malamata ma da ta duba ta ce wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Na 2016 da na bana suna layi, injin ɗaya ne kuma mu da yawa. In sun fito zan haɗa maka lambobin duka in yi maka bayani a tsanake. A gaida Mama.

Rachel

Zuru, 6 ga Mayu, 2024

Rachel,

Muna lafiya.

Na karanta takardarki sau huɗu. Ngozika ce ta buga ta, kuma na ga yadda ta miƙo mini ita ba ta dubi idona ba.

Wataƙila ba a taɓa gaya miki ba, to bari in gaya miki da kaina. Ubanmu Japhet ya tafi yaƙin basasa a 1967. An haife ni a shekarar da ta biyo. Akwai waɗanda suka zauna a Dabai suna ƙirga watanni da yatsu, suka ce lissafi bai cika ba. Da ya dawo ya ɗaga ni sama a gaban kowa ya ce nasa ne, amma bakin mutane bai rufu ba. A gonar golmo wani ya ce mini ɗan wata goma sha ɗaya, Aaron ya ajiye fartanya ya fasa masa baki. Shekara hamsin da shida ina ɗauke da maganar nan, kuma tun da Aaron ya rasu ba ni da mai ajiye fartanya domina.

Kumfa kika ce za ki nema a jinina. Ban ba ki shi don ki nemo mini uba ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne daga hannun ɗiyar Aaron ya fito, a takarda, da shaidar malamarki Baturiya.

Ki zubar da jinin nan, na da da na yanzu. Na gaya wa Magdalene kada ta ƙara kai wata takarda shagon Ngozika.

Kefas, ɗan Japhet

Suwidin, 19 ga Yuli, 2024

Mama Magdalene,

Ina gaishe ki da damina, yaya aikin gona? Sau uku na rubuta wa Baba tun watan Mayu, shiru. Na san yana nan ƙalau don Mamata ta ce ta gan shi yana huɗa. Yanzu ke na rubuto wa, ki karanta a wayarki, kada ki kai wa kowa ya buga.

Mama, na yi wauta. Ni da na tashi a Zuru na san abin da mutum yake nufi in ya ce jininsu ɗaya, amma shekara uku ina zaune cikin mutanen da jini a wurinsu ruwan kwalba ne kawai, sai bakina ya bi nasu. Injinmu bai san uba ba, bai san ɗa ba, ko ya so ba zai iya ba. Sinadarin kumfa kaɗai yake ƙirgawa. Abin da na so in ce shi ne a 2006 lambar Baba Kefas 84 ce, ta Babana 3, domin ɗaya yana wanka da kumfa ɗaya yana noma a tudu. Labarin yaƙin nan ban taɓa jinsa ba sai a takardarsa. Na yi kuka, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

In har ya ce a zubar da jininsa bayan ya ji wannan, haƙƙinsa ne, zan sa a zubar. Amma akwai abin da ya fi fushinsa gaggawa. Sauran sakamakon sun fito tun kafin takardarsa ta iso, kuma ba su tafi yadda ya kamata ba.

Mutumin da bai taɓa kumfa ba lambarsa ba ta cika wuce biyar ba. Baba ya bar aiki a 2009, ya kamata a 2016 tasa ta sauko wajen arba'in, bana kuma wajen ashirin. A 2016 tana 71. Bana tana 58. Babana da yake da 3, a 2016 ya koma 46. Ke kuma Mama, da ba ki taɓa riƙe mesa ba, taki bana 52 ce.

Ma'anarsa abin bai tsaya a bariki ba. Ya biyo Baba gida, ya shiga gidanmu ma, kuma har yau yana shiga jikinku kowace rana. Akwai wasu mutum shida a takardarmu, duk tsaransa, da lambarsu ta tashi haka tsakanin 2006 da 2016.

Ki yi tunani, Mama. Me ya shigo gidanku da gidanmu bayan 2006 wanda da babu shi? Abin ci ne, ko na sha, ko na ajiya? Ba zan daina rubutowa ba sai mun gano shi, ko da Baba ba zai ƙara kiran sunana ba.

Ɗiyarki,
Rachel

Zuru, 3 ga Agusta, 2024

Rachel ɗiyata,

Lafiyarmu ƙalau, ruwa yana sauka yadda ake so. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji shida na tsaya.

Takardarki a bakin murhu na karanta ta. Da na zo wurin tambayarki na ɗaga kai, sai ga amsar tana kallona a ƙarƙashin indararo. Duro ne, Rachel. Shuɗayen duron roba da kika sani.

Da Babanki Kefas zai bar aiki, an tara duron da kumfa take zuwa a ciki za a zubar, sai ya roƙa aka bar masa. Guda goma sha ɗaya ya ɗoro a mota tare da kayanmu. Ni na wanke su da hannuna, da toka da omo da ruwan zafi, har sau uku. Shekarar farko in an zuba ruwa yakan yi ɗan kumfa a sama, muna dariya muna cewa ruwan soja ne. Daga baya ya daina, muka manta. Biyu muka riƙe, a cikinsu muke tara ruwan sha da na girki shekara goma sha biyar. Sauran ya rabar kyauta. Na farko gidan Aaron ya kai shi.

A ranar na kifar da namu biyun, na fito da tsofaffin randuna. Da ya dawo daga gona ya ga ruwa ya malale tsakar gida ya ce, “Wa ya mutu ake wanke gida?” Na ce zauna. Ya ce in takardar Rachel ce ba ya so. Na ce, “Ba taka ba ce, tawa ce, kuma a gidana ina da ikon karanta takardata da ƙarfi.” Na zauna ta wajen kunnensa mai ji na karanta da muryar da nake kiran awaki. Ina jin har maƙwabta sun san lambarsa.

Da na zo wurin da kika ce injin bai san uba ba, ya ce in maimaita. Na maimaita. Da na zo wurin lambar Aaron bai ce in maimaita ba. Ya tashi ya je ya tsaya a kan duron da na kifar, ya daɗe. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko biro ya fara rubuta sunaye a bayan kalanda.

Kin san mutanenmu. Mutum ya ba ka kyauta shekara goma sha biyar, ya dawo ya ce ba ni abina, wannan abin faɗa ne har jikoki. Na ce masa mu aika saƙo kowa ya daina amfani da nasa. Ya ce ba wanda zai jefar da duro mai kyau saboda saƙo, in ma ya daina sha a ciki zai ba wani ne. Ya ce shi ya raba da hannunsa, shi zai tattaro.

Ki faɗa mana yadda za a yi da su. Kuma ya ce in gaya miki kada a zubar da jinin. Bai ce in gaishe ki ba, amma ya tsaya a kaina har na rubuta wannan layin.

Mamanki,
Magdalene

Zuru, 27 ga Oktoba, 2024

Ɗiyata Rachel,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu lau, gwiwa ce kawai take ƙorafi, kuma tana da hujja. Saƙonki ya iso ta wayar Magdalene: kada a ƙona, kada a ba kowa, a huda gindinsu, a kulle su inda ruwan sama ba ya taɓawa, nesa da rijiya. Sandra ma ta zo ta ɗebi ruwan da muka bari ya kwana a ɗaya daga ciki. Na bi umarni kamar sabon kurtu.

Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini. Wata uku na yi ina fushi, kuma a wata ukun nan gida goma suna shan ruwan durona. Wannan lissafin a kaina yake.

Ga rahoto. Namu biyu suna tsohon ɗakin kaji, na sa kwaɗo. Na coci fasto ya bayar ba gardama, ya kuma ba ni minti biyar bayan wa'azi. Na tsaya a gaban jama'a na ce kyautar da na kawo wa gidan Allah da guba a ciki. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ranar ba.

Shida suna wurin abokan golmona, mutum shidan da kika gani a takardarki. Huɗu sun bayar da na yi bayani. Ebenezer na Sakaba ya ce, “Saje, in talauci ne ya kama ka faɗa mini in ba ka dawa, ba sai ka ƙirƙiro ciwo ba.” Na kwana biyu a gidansa ina taya shi yankan shinkafa, ban ƙara ta da maganar ba. Rana ta uku da kansa ya ɗaura mini duron a bayan babur. Na shidan yana Wasagu, mai shi ya rasu, ɗansa yana jiƙa dawa a ciki. Shi randa biyu na kai masa kafin ya saki.

Na goma yana Bena, wurin Fadima, matar abokina da muka yi bariki tare, Allah ya jiƙansa. Kin san hanyar nan ba daɗi yanzu, Magdalene ta ce in jira rani. Na ce Fadima kunun zaƙi take yi da ruwan duron nan tana kaiwa kasuwa, ba zan jira ba. Na bi motar 'yan kasuwa da rana tsaka. Da na gama bayani ta dube ni ta ce, “Kefas, mi kake faɗi haka? Shekara nawa muna sha, wa ya mutu?” Na ce ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya kawo ni. Sai ta ce, “In don wanga ka biyo hanyar ga, ɗauki abinka.” Har kunu ta ba ni, na rijiya ta ce, kada in ji tsoro.

Goma ke nan. Na goma sha ɗaya yana gidanku, kuma uwarki ta hana. Ta daina sha a ciki, amma ta ce ba ya fita, don Aaron ya rubuta sunansa a jiki da farin fenti, kuma duk gidan nan ne kaɗai rubutun hannunsa ya rage. Sau uku na je. Zan koma.

Yanzu tambaya biyu, kuma ina son amsar soja. Ta farko: ciwon ƙoda ne ya kashe yayana. Durona ne? Ta biyu: shekararki goma sha huɗu lokacin da na kai duron nan gidanku. Ke kike cika shi, ke kike ɗiba. Kin auna jinin Zuru kaf. Kin auna naki?

Babanki,
Kefas

Suwidin, 30 ga Nuwamba, 2024

Baba Kefas,

Na gode Allah da ka dawo daga Bena lafiya, amma da na san za ka bi hanyar nan da na haɗa kai da Mama mun ɓoye maka takalma. Babu abin yafewa tsakaninmu, ni na fara.

Ruwan da Sandra ta ɗiba ya iso, an auna. Duron ne. Roba tana shan sinadarin ta riƙe, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin ruwa, kuma toka da omo ba sa fitar da shi. Mama ba ta yi kuskuren wanki ba, ka gaya mata.

Tambayarka ta farko. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba, domin ba wanda zai iya sani. Babana yana da hawan jini tun kafin duro ya zo, kuma hawan jini kaɗai yana iya cinye ƙoda. Sinadarin zai iya ƙara wa ciwo nauyi, zai yiwu kuma bai taɓa shi ba. Na daɗe ina juya lambobin ina neman amsar da ta fi wannan, babu. Abin da na sani shi ne ranar da ka kawo duron nan, ni da Mamata muka daina zuwa rafi sau uku a yini, kuma Babana ya yi mako yana nuna wa baƙi abin da ƙanensa ya kawo masa. Ba ka san abin da ke ciki ba. Waɗanda ya kamata su faɗa maka ba su faɗa ba.

Ta biyu. Ka kama ni. Tun watan Yuli nake kewaye wannan tambayar, ina auna na kowa ina tsallake kaina, don tsoro nake ji. Da takardarka ta zo na nannaɗe hannun riga na je. Lambata 21 ce, shekara goma sha ɗaya bayan na bar gida. A duk ɗakin gwajinmu ba wanda tasa ta kai ko kwatan wannan.

Likita ya duba ni, hanta da ƙoda lafiya. Ku ma haka za a riƙa duba ku duk shekara, kai da Mama da Mamata da duk gidan da duro ya zauna, Sandra tana haɗa sunayen. Tunda an toshe hanyar shigarsa, daga yanzu sauka zai riƙa yi. A hankali ne, amma zai sauka. Malamata ta yarda a sake ɗibar jini a Zuru nan da shekara bakwai, kuma na gaya mata ni zan zo da kaina.

Na kira Mamata na faɗa mata lambata. Ka sake komawa wurinta.

Ɗiyarka,
Rachel

Zuru, 15 ga Disamba, 2024

Ɗiyata Rachel,

Muna lafiya, ana shirin Uhola, gari ya cika da 'yan uwa.

Na koma. Na tafi da zarto. Uwarki ta riƙe mini duron da hannunta, na yanke wurin da Aaron ya rubuta sunansa, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Mun naɗe shi a leda, ta sa a akwatinta tare da Littafinsa Mai Tsarki. Sauran na ɗora a ka na bi ta tsakiyar kasuwa da shi, ban bi ta bayan gari ba. Ngozika ta leƙo daga shago ta tambaya, na tsaya na yi mata bayanin duka, har da lambobi. Goma sha ɗaya sun cika, kwaɗo yana rufe, makulli yana wuyana.

Lambarki ta hana ni cin abinci kwana biyu. Ashirin da ɗayan nan ni na ɗauko ta daga bariki na kai miki har gida. Shekara hamsin da shida ina so wani ya duba jinina da na gidan Aaron ya ce abu ɗaya ne a ciki. Ga shi an duba an samu, kuma ni na zuba.

Ba zan zauna ina kuka a kansa ba. Ba ni kaɗai na bar bariki da duro ba, na tuna mutum biyar da suka ɗauka a shekarar da na fita, biyu daga ciki 'yan ƙasar Zuru ne. Bayan biki zan fara da na Ribah. Ki turo mini bayanin nan a takarda ɗaya, da Hausar da ba za ta sa wani tsoho fushin wata uku ba.

Na rubuta 2031 da gawayi a jikin rumbu. Na yi bakwai don Magdalene, zan yi wannan bakwai ɗin don ke. Ranar da kika zo, tare za mu je wurin Sandra, ki zauna kusa da ni, a ɗebi nawa a ɗebi naki a ajiye su a layi ɗaya.

Babanki,
Kefas, ƙanen Aaron